Dangwalin Ardo Buba

Tun da na dawo daga Damagaram ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a teburin mai shayi na bakin tashar Birnin Kudu sai wani ya jawo benci ya matso: "Injiniya, wai da gaske mace ce ta koya maka aiki a Nijar?" Wani kuma ya ce shi an gaya masa yanzu kwamfutata ce ke zana gida ni ina kwance. Na gaji da ba da labari guntu-guntu, kowa ya tafi da nasa ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na rubuta shi gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda in ci gaba da shan shayina.

Ni ba injiniya ba ne, tsokanar abokai ce ta bi ni. Sunana Sabi'u, zanen gini nake yi shekara ashirin da 'yan kai, da farko da fensir da rula, daga baya da kwamfuta.

Abin da ya fitar da ni daga gida wata ruga ce kusa da Sara, a ƙasar Gwaram, gida talatin da huɗu. Fulani ne da suka daɗe da zama, suna noma suna kiwo, 'ya'yansu ma Hausa suka fi ji. A kwari suke, damina biyu a jere ruwa yana cin katangunsu. Aka ba su fili a kan tudu, da sharaɗin sai an kawo zanen yadda za a yanka shi gida-gida kafin a ɗora tubali ko ɗaya. Shugabansu, Ardo Buba, aminin marigayi mahaifina ne, shi ya ce ba mai taɓa aikin nan sai ɗan Malam Garba. Ɗakinsa na cikin waɗanda suka faɗi bara, a rumfar kara yake kwana da tsufansa. In zane bai fito da wuri ba har ruwan farko ya sauka, ginin ƙasa ya wuce sai baɗi, tsohon nan ya sake damina a rumfa.

Da farko na yi abin da na saba. Na zana gida ɗaya mai kyau, na kwafa shi sau talatin da huɗu, na kai. Ardo ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce, "Ɗan Malam, ɗakunan sun yi. Shanu fa, a ina za su kwana?" Na nuna masa wani ɗan lungu da na bari a bayan kowane gida. Ya naɗe takardar a hankali ya miƙo mini. Wani daga cikin dattawan rugar ne ya fahimtar da ni cewa su shanu yamma da ɗakuna suke kwana, ƙofar ɗaki tana kallonsu, kuma ba kowa ne filin shanunsa zai zama daidai da na maƙwabcinsa ba.

Sai na tsara fom: sunan mai gida, ɗaki nawa yake so, mutum nawa, shanu nawa. Malamin firamaren can ya bi gida-gida ya cike a wayarsa ya turo mini. Na buɗe na ga sunaye sun cika, na rufe, ban ja zuwa ƙarshen layi ba. Abin da ya dame ni a lokacin lissafin kwanaki ne. Gida talatin da huɗu, kowanne da girmansa, a fili mai karkata, in ka motsa katangar ɗaya sai ta ture na kusa da shi. Da hannu kowane gida kwana biyu ne in ba a sami gyara ba, ga mako bakwai kacal a gabana, cikin su har da na gini.

A cikin wannan hali wani tsohon abokin karatuna ya turo mini bidiyo. Wata mata ce a Damagaram, mai zanen gine-gine, ta canza lamba ɗaya a kwamfuta sai gidajen unguwa guda suka sake jeruwa da kansu. Na ce ƙarya ce. Na sake kallo sau biyar. Na nemi lambarta na kira, ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Ka zo da kwamfutarka da takardunka, ka ba ni mako guda." Matata ta ce mako bakwai gare ka za ka zubar da ɗaya a hanya. Ardo kuwa da na je sallama cewa ya yi, "Allah ya kiyaye. Ka dai riƙa duba sama."

Kuskurena na farko ranar tafiya ne. Na tashi ran Alhamis, na manta ranar kasuwar Maigatari ce. Daga Birnin Kudu zuwa Dutse lafiya lau, haka Kiyawa da Jahun. Daga Gujungu muka shiga jerin manyan motocin dabbobi, direbanmu kuma ya ga kasuwa ta buɗe, ya ɗauki wani mutum da awaki uku ya zuba su a but. Ɗaya daga cikinsu ta zuro kai ta bayan kujera ta kama hannun jakar kwamfutata tana tauna. Na ce wa mai awakin ya yi mata magana, ya ce, "Malam, ai ba ta jin Hausa." Na rungume jakar a ƙirji har Gumel.

A bakin iyaka namu suka duba takarduna suka sallame ni. A ɓangaren Nijar wani jandarma dogo ya ce in kunna kwamfutar ya ga abin da ke ciki. Na danna, shiru, batir ya mutu. Ya nuna mini soket a bango, na fito da caja, sai na ga ramukan nasu biyu ne zagayayyu, nawa kuma mai ƙafa uku ne. Ban taɓa sanin ko wutar lantarki tana da iyakar ƙasa ba sai ran nan. Sai da aka samo mini mahaɗi a wurin wani mai cajin waya, na zauna kusan awa guda a benci. Da ta kunnu jandarman ya ga zanen gida, sai fuskarsa ta sake. Ya jawo kujera ya ce shi ma yana so ya ƙara ɗaki a gidansa don mahaifiyarsa, amma rijiya ta tsaya masa a hanya. A bayan wata tsohuwar takarda na zana masa yadda zai yi. Ya raka ni har mota, ya ce wa direba a ba ni gidan gaba.

Ta Dungas muka bi, hanya rabi kwalta rabi haƙuri. Bayan la'asar muka shiga Damagaram.

Wanda ya tarbe ni a tasha Isufu ne, mai awon fili a ofishin matar. Gajere ne mai yawan dariya, ya ɗora ni a babur ya kai ni gidansu a cikin Birni, tsohuwar unguwa mai gidajen ƙasa da ado a fuskar zaure. Ya ba ni ɗakin baƙi, ya ƙi ko sauraron maganar masauki. Tuwon gero aka kawo da miyar kuka, wannan kam gida ne. Da safe ne na ga baƙon abu: burodi dogo mai tauri, ana yanka shi a tsaye a zuba masa wake da mai. Na ce wa Isufu a Birnin Kudu in ka sayar wa mutum wannan zai dawo maka da shi ya ce na shekaranjiya ne. Ya ce namu kuma soso ne, in ka matse shi ba ya dawowa. A kwana na uku ni ke tambayar ko akwai ƙari.

Shayinsu kuma ba irin namu na kofi cike da madara ba ne. Ɗan mitsitsin kofi ne, zagaye uku, ana dafa shi a kan gawayi ba gaggawa. Ranar farko na kurɓe na farko na miƙe zan tafi, Isufu ya jawo rigata ya ce ba a tashi sai an sha na uku. Da rana kuma gari yakan yi tsit, a rufe ofis a tafi hutu sai rana ta yi sanyi. Ni da nake ƙirga kwanaki abin ya ba ni haushi ƙwarai, amma ba yadda na iya, baƙo ne ni.

Madam Hadiza, haka kowa ke kiranta, ba za ta wuce talatin da biyar ba. Tana sa tabarau, tana magana da sauri, Hausarta na tafe Faransanci na leƙowa. Ni kuma ta sa mini Mushe Sabi'u, wai Malam ke nan da Faransanci. Ofishin ɗaki biyu ne da fanka ɗaya. Ta buɗe manhajar zane, sai na ga irin tawa ce sak, wadda na shekara goma ina aiki da ita. A raina na ce to me na zo yi. Sai ta danna wani wuri da ban taɓa dannawa ba, wata farar taga ta buɗe, ta fara rubutu maimakon jan layi. Layi kamar goma sha biyar ta rubuta, ta danna maɓalli, sai ga makaranta mai aji shida da ƙofofi da tagogi da awonsu. Ta goge shida ta rubuta tara, azuzuwa suka zama tara, baranda ta ƙara tsawo, har lissafin bulo a gefe ya canza. Shekara goma ina cikin manhajar nan kamar wanda ya kama haya a zaure bai san akwai cikin gida ba.

Na ce, "Madam, a fara."

Ta rufe kwamfutata ta ajiye a kan kabad, ta miƙo mini littafin rubutu na 'yan makaranta da biro. Ta ce kwana biyu ba zan taɓa inji ba. In rubuta mata dokokin gidan mutanena ɗaya bayan ɗaya, kamar ina yi wa magini bayani, magini mai biyayya wanda ba ya gajiya, amma tunda aka haife shi bai taɓa ganin gida ba.

Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. Na ce na ƙetare ƙasa da gemuna a ba ni littafin firamare? Ta ce, "Ai ba laifi, rubuta dai."

Na rubuta: banɗaki a gefe. Ta karanta ta ce wane gefe. Na ce nesa da ɗakuna. Ta ce nesa mita nawa. Na ce kowa ai ya sani. Ta ce maginin nan bai sani ba. Haka muka wuni. Sai na gane abubuwa da yawa hannuna ne ya san su, bakina bai taɓa faɗarsu ba. Na san ba a kafa banɗaki yadda mai tsugunne zai fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya, amma sai da ta sa na faɗi alƙibla tana ina a filin Sara, da lamba. Na san wanda ke ƙofar zaure bai kamata ya hango tsakar gida ba. Ta ce to ta yaya inji zai san an hango. Ta ce a ja layi daga ƙofar waje ya ratsa ta ƙofar ciki, in ya taɓa tsakar gida a matsar da ƙofar ciki rabin mita a sake gwadawa, har sai layin ya ci karo da bango. Da ta rubuta wannan a kwamfuta na ga ƙofa tana matsawa da kanta tana neman inda za ta rufa wa gida asiri, wallahi sai da na tafa. Na ga masu ilimi a rayuwata, amma ban taɓa ganin wanda ke tsinke magana zare-zare kamar matar nan ba, kuma ko sau ɗaya ba ta nuna mini ta fi ni ba.

Rana ta uku ta yarda na zauna gaban inji, nata ba nawa ba. Nan ma wata fitinar: madannan nasu a hargitse suke, inda na saba samun wannan harafi sai wani ya fito, lambobi kuma sai ka danne wani maɓalli kafin su bayyana. Na rubuta layi uku, ba ɗaya da ya yi aiki. Isufu ya ce kada in damu, shi ma da ya je Kano haka ya zama ɗan koyo. Na koma kan tawa. Kafin la'asar na iya sa wa abu suna in ajiye lamba a cikinsa, na iya cewa in kaza ne yi kaza, na iya cewa maimaita wannan ga kowane gida. Madam ta ce yawancin aikin ke nan, sauran haƙuri ne.

Rana ta huɗu muka ce bari a gwada da gaske. Muka sa iyakar filin Sara, muka jawo jadawalin da malamin firamare ya turo. Doka ta ƙarshe mai sauƙi ce: a ɗauki yawan shanun kowane gida a fitar da faɗin makwancinsu, a ajiye shi yamma da ɗakuna. Madam ta ce ni zan danna. Na yi bisimilla na danna. Ko layi ɗaya bai fito ba, sai jan rubutu a ƙasa. Ta matso ta karanta ta ce, "Yana cewa ya nemi lamba an ba shi magana." Ta buɗe jadawalin ta ja shi zuwa ƙarshe, inda ban taɓa dubawa ba.

A ƙarƙashin "shanu nawa", gida na farko an rubuta Alhamdu lillahi. Na biyu Alhamdu lillahi. Haka har ƙasa, in ban da mutum biyu da suka ce Masha Allah, da wani guda da ya ce daidai gwargwado.

Isufu ya fita waje don dariya ta ci ƙarfinsa. Madam ta cire tabarau tana share ido. Ni kuwa kunya ce ta rufe ni, don ba sabon abu ba ne a wurina. Tun ina yaro na san ba a tambayar mai kiwo yawan shanunsa, shi ma ba ya ƙirga su da baki. Na ɗauka dai tunda a fom ne za su faɗa, kamar fom ba mutum ne ya rubuta shi ba.

Na fita na kira Ardo. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, maganar shanun nan, ba ni ke son sani ba, injin ne ba ya aiki sai da lamba." Sai ya tambaye ni lafiyar masu masaukina, ya ce jiya an yi iska da ɗan gajimare ta gabas, ya ce in gaida injin. Ya kashe wayarsa.

Na dawo na ce wa Madam zan zuba lambobi da ka, wanda na san yana da hali in ba shi da yawa. Ta ce, "In ka ba wani ashirin maƙwabcinsa biyar, ai ka yi musu ƙidayar da suka ƙi, ka kuma kafa ta da turaku kowa na gani." Na ce to shi ke nan, tafiyata ta tashi a banza, gobe zan koma in kama fensir. Ta ce, "Mushe Sabi'u, da a shago ka sayi wannan shirin, dole mutanenka su bi shi. Mu muka rubuta shi. Ba su za a canza ba, tambayar za a canza. Me suke yarda a gani, wanda zai gaya mana girman wurin ba tare da an ƙirga musu dabba ba?" Ranar ko shayin Isufu bai yi mini daɗi ba, tsohon nan da rumfarsa kawai nake gani.

Washegari da sassafe Isufu ya ce in hau babur, zai kai ni rugar kawunsa a bayan gari in sha nono mai ɗumi ko zuciyata ta sauka. Mun isa ana tatsa. Tsakanin bukkoki da shanu an ja wata doguwar igiya daga turke zuwa turke, an ɗaure maruƙa a jikinta a jere. Dangwali ke nan, na sha ganinsa a rugagen Surko da Yalwan Damai ban taɓa tsayawa na dube shi ba. Na lura na kawun ya fi na gidan da ke kusa tsawo, makwancin shanunsa ma ya fi faɗi. Sai tambayar Madam ta faɗo mini a rai. Na ce wa Isufu ya tambayi kawu ko zan iya auna igiyar, ina jiran a kore mu. Tsohon ya ce, "Igiya ce, auna mana."

Isufu ba ya rabuwa da tef ɗin awo. Muka auna dangwali da makwanci a gida biyar, ba wanda ya ɗaure fuska, wata tsohuwa ma ita ta riƙe mana bakin tef ɗin. Da muka koma Madam ta duba lambobin ta ce suna tafiya tare, za a iya kafa doka a kansu, amma in na koma gida in gwada ta a makwancinsu na kwari kafin in yarda da ita. Ta ture kujerarta baya ta ce wannan layin ni zan rubuta da hannuna. Na goge "shanu nawa" na sa "tsawon dangwali". Na ɓata sau huɗu, ba ta karɓe ba, sai dai ta nuna da biro inda na manta rufe baka-biyu a rubutun. Muka zuba tsawon gwaji, na danna. Gida talatin da huɗu suka sauka a filin Sara ɗaya bayan ɗaya, shanu a yamma, ƙofofi na kallonsu, banɗaki ya kauce wa alƙibla, hanyar dabbobi ta ratsa ta fita. Na yi murna irin wadda na daɗe ban yi ba, na shiga zuba mata godiya. Ta ce in bar godiya in tafi, sama ba ta jira na.

Isufu ya cusa mini kilishi da burodin nan guda biyu a jaka. A iyaka jandarman nan ya gane ni, ya ce an fara haƙa harsashin ɗakin tsohuwarsa. Daga Gujungu na ga gabas ta yi duhu kaɗan, ban ƙara jin daɗin hanya ba har Birnin Kudu.

Kwana ɗaya na yi a gida na wuce Sara. Na gwada dokar a makwanci uku na kwari, ta yi kusa, na ɗan gyara ta. Sannan na ce wa Ardo ba na son lambar komai, kowane mai gida ya kawo dangwalinsa kan tudu a shimfiɗa. Ya dube ni ya ce, "Yanzu ka yi magana." Bayan an saki maruƙa suka riƙa zuwa da igiyoyi a kafaɗa, ana raha, wani na cewa wani ya ƙulla ƙari a hanya. Ina aunawa ina shigarwa a gindin wata ɗorawa, gidan mutum yana fitowa a gabansa, ya sa yatsa ya ce a matsar masa da rumbu, a matsar nan take.

Ardo ne ya zo ƙarshe. Duk rugar an san abin da ya sami garkensa a 'yan shekarun nan, ciwo ya ɗauki wasu, hidimar jama'a ta ɗauki wasu, ba dai mai faɗa. Ya sauke wata tsohuwar igiya da ta yi baƙi don daɗewa, ya ce ta mahaifinsa ce. Aka fara warware ta, tana tafiya, tana tafiya, ta wuce ta kowa. Rahar da ake yi ta tsaya. Na auna na shigar, sai jan rubutu ya fito: filin ba zai ɗauki wannan makwanci da waɗannan ɗakuna ba, sai ɗaya ya ragu.

Na karkatar da kwamfutar gefe. Raina ya ce in rage lambar a ɓoye, wa zai sani. Amma ranar kafa turaku igiyar nan za a shimfiɗa, ba za ta shiga ba, a gaban kowa. Na matsa kusa da shi na yi ƙasa da murya na ce, "Baba, wurin shanun ya ci fili. Sai dai a rage shi, ko a rage ɗaki."

Ya ce, "Wanne ne nawa a nan?"

Na nuna masa.

"Rage shi."

Na rage rabin mita, ja bai tafi ba. Na dube shi, ya ɗaga mini haɓa. Na sake ragewa, na sake, ban taɓa ɗakin iyalinsa ba don ya hana. A karo na huɗu jan rubutun ya ɓace, gidan ya zauna. Ɗakin da ya rage wa shugaban ruga ya fi na kowa ƙanƙanta.

Ya ce, "Tabarma za ta shiga?"

Na ce, "Za ta shiga, Baba, har da buta."

Ya ce, "To me ya rage?"

A makon aka amince da zane, aka kafa turaku, aka shiga buga tubali. Ɗakin Ardo aka fara rufewa, ruwan farko ya same shi a ciki. Na koma bayan sallar la'asar wata rana na tarar da shi zaune a bakin ƙofa yana fuskantar yamma, dangwalin mahaifinsa a miƙe daga turke zuwa turke, ga fili fetal a bayan igiyar, shanunsa sun dawo daga kiwo sun taru a kusurwa ɗaya. Masu tambayata a teburin shayi, ku tambayi komai zan faɗa muku, ban da ko shanu nawa ne a filin nan. Ban ƙirga ba.